Tsanin Baba Bulus da Karatun Modibbo

Tun da na dawo daga Garwa ba a bar ni na sha shayi cikin natsuwa ba. Duk wanda ya zauna a bencin ƙofar shagona sai ya ce, to Hamisu, yaya Kamaru? Na ba da labarin har muryata ta dushe, kuma duk lokacin da na gama sai in shiga tunanin ko na ƙara abin da bai faru ba, ko na tauye wa wani haƙƙinsa. Shi ya sa na ga gara in rubuta shi yadda ya faru, kowa ya karanta, ni ma in huta. Karatuna na boko a firamare ya tsaya, wanda ya ga kuskure ya yi mini afuwa.

Ga wanda bai san ni ba, sana'ata tura karatu da wa'azi a mamori a nan Gombe. Da can kaset nake sayarwa, da kaset ya mutu na bi zamani. Ina da yaya, Hajara, wadda aka kai aure Garwa tun ina ƙarami. Mijinta malami ne, can Modibbo suke ce wa irinsu, ya yi shekara da shekaru yana tafsiri a zauren gidansa. Bara Allah ya karɓi abinsa, ya bar kwalaye cike da kaset. 'Yarsu Asma'u, wadda ta yi karatun kwamfuta, ta juye su duka cikin na'ura, wasu kaset ɗin ma ana gama juyewa suka tsinke don tsufa. Iyalan suka yi niyyar raba karatun a mamori ga ɗalibansa kafin azumi, ladan ya je masa. Sai Yaya ta kira ni a waya.

"Hamisu, muryar malaminka ce," in ji ta. "Ba na son ta fita daga gidan nan sai ta bi ta hannunka."

Daga ranar abinci ya daina yi mini daɗi. Amana ce, kuma ba waƙa ba ce da idan ta yanke za a ce ba komai.

Na bi ta Kaltungo da Numan zuwa Yola, na kwana a Mubi, da safe na kama hanyar Sahuda inda iyaka take. Matata ta ce katin allurar rigakafina zai yage kafin jami'i ya gan shi, saboda yawan ciro shi da nake yi ina dubawa, kuma gaskiyarta, kusurwarsa ɗaya ta yage tun a Numan. A mota wani ya koya mini gaisuwar Faransanci, na yi ta maimaita bonjur a zuci har muka tsallaka Bukula. Da na tsaya gaban jandarma, wato ɗan sandansu, sai kalmar ta fito a karye. Ya dube ni ya ce da Hausa garau, "Baba, lafiya lau, kawo takardarka." Da ya buɗe jakata ya ga 'yar na'urata mai baki da yawa wadda ake jera mamori a ciki, ya tambayi amfaninta. Na yi masa bayani fiye da yadda ya nema. Ya ce mahaifiyarsa tana son sauraron karatu, idanunta sun yi rauni. Na ce in Allah ya yarda zan kawo masa a dawowa. Ina fita na fara zargin kaina don me na ɗauki alkawarin da ban san ko zan tarar da mutumin ba.

Daga Bukula zuwa Gider hanya ce ta cikin duwatsu. Ba mu yi nisa ba wani ƙarfe ya karye a ƙafar motar ta baya. Direba ya hau babur ya tafi nemo wani, ya ce yanzu zai dawo, har la'asar sakaliya babu shi babu labarinsa. Fasinjoji suka watse, kowa ya nufi ƙauyen da yake da dangi. Ni na rungume jakata a bakin hanya ina lissafin duk irin abin da kan sami baƙo a daji.

Wani dattijo da muka zauna kujera ɗaya, Baba Bulus, shi ya tsaya a kaina. Kirista ne, manomi, yana kai gyaɗa Mubi, kuma yana ɗingishi da ƙafar hagu. Ya ce gidansa na bayan wancan dutsen, ba zai bar baƙo a titi ba. Na bi shi ina godiya da baki, amma zuciyata tana kan abin da za a dafa da kuma tukunyar da za a dafa shi. Ashe ya karanta fuskata. Muna isa ya yi magana da matarsa, Mama Rifkatu, da yarensu, ta fito da sabuwar tukunya da ba a taɓa ɗorawa ba. Shi kuma ya kamo zakara ya miƙo mini da wuƙa.

"Yanka da hannunka, malam," ya ce, "don cikinka ya yarda da bakinka."

Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona. Ya share mini wurin salla a gindin tsamiya, ya nuna mini dutsen da rana ke fitowa ta kansa, ya hana kowa gittawa har na idar. Aka kawo tuwon jar dawa da miyar yakuwa da gyaɗa, su folere suke ce mata, tsaminta ya fi namu amma na suɗe kwano.

Da safe na tarar da shi a gindin rumbu. Rumbunsu ba irin namu ba ne, dogo ne siriri, ƙofarsa a can sama, ana hawa da wani kututturen itace da aka sassare masa matakai. Mama Rifkatu tana ciki tana ɗebo dawa, shi kuma ya riƙe tsanin da hannu biyu. Na miƙa masa hannu mu gaisa, ya amsa da baki kawai, ya ce in yi haƙuri sai ta sauko. Da ta sauko ya gaya mini dalili. A gidansu doka ce, ba mai shiga rumbu sai an tsayar da wani a gindin tsani. Yana saurayi ya taɓa yin gaggawa, ya haye bai gaya wa kowa ba. Ƙaninsa ya zo wucewa ya ga tsani babu kowa, ya ɗauka ya tafi gyaran jinka. Shi kuma ya fito da baya-baya da kwando a ka.

"Ƙafata ba ta yi kuskure ba, malam," ya ce yana shafa gwiwarsa. "Daidai inda tsanin yake ta taka. Tsanin ne ba ya nan."

Na yi dariya, na yi masa jaje, ban san cewa labarin zai bi ni har Garwa ba.

Garwa gari ne mai zafi, ko Gombe ba ta kai shi ba, kuma babura sun fi mutane yawa a ido. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne burodinsu, dogo kamar taɓarya, mutum ya saƙale shi a hammata babu ko leda ya hau babur. Na yi kwanaki ina ƙin ci kafin yunwa ta yi mini fatawa. Karin kumallonsu fanke da wake da kunun gyaɗa, da rana kuma kifin kogin Binuwai. Gaisuwa da Fulatanci ce, a ce jam na, ka ce jam. Hausarsu kuwa sai ka kasa kunne, don a cikin magana ɗaya za ka tsinci Faransanci da Fulatanci, kuma su ne ke yi mini dariya wai Hausata ta rediyo ce. Yaya ta tsufa fiye da yadda na zata. Da ta gan ni ta kama kunnena kamar yadda take yi ina yaro, ta ce har yanzu goshina a tattare yake kamar wanda aka aika ya manta saƙo.

Washegari Asma'u ta nuna mini aikin. Mamorin suna da yawa, azumi ya matso, shi ya sa ta rubuta wata 'yar manhaja da kanta don ta hanzarta kwafin. Ta yi mini bayani yadda zan gane. Ta ce a cikin kowace kwamfuta akwai babbar manhaja da ke riƙe da komai, ita ce mai makullin ɗakin ajiya. Manhajar kwafi ta yau da kullum takan je wurinta ta ce auno mini kaɗan, a auno mata, ta juye a mamori, ta koma ta sake roƙo. Wannan kai da kawowar shi ke cin lokaci. Ita tata manhajar ba ta roƙon awo, cewa take a buɗe mata fayil ɗin gaba ɗaya cikin ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta riƙa ɗiba da hannunta. Na ga saurin da idona, abin da kan ɗauke ni yini a shago kafin azahar an gama. Gargaɗi ɗaya ta yi mini kafin ta tafi wurin aikinta, kada in zare mamori sai fitilarsa ta mutu. Wannan kuwa ko a mafarki ba na yi.

To amma ina da wata al'ada ta sana'a. Masu sayen karatu a wurinmu ba sa son jin tari ko carar zakara ko kukan yaro, su ce kaset ɗin bai da tsabta. Saboda haka duk lokacin da mamori ke cika ba na zama haka kawai, sai in sa abin ji a kunne ina bin karatu ina yanke irin waɗannan. Ranar Alhamis ina sauraron zaman Modibbo na ƙarshe, sai na ji wani wuri da ya yi dogon tari, ya yi shiru, aka ji ƙarar ƙofa da ta kofi da 'yar magana ƙasa-ƙasa. Na ce a raina wannan bai dace da darajar malam ba. Na yanke wurin, na adana a kan sunan da yake. Tawa kwamfutar ta shago idan ana kwafar abu ba ta yarda in taɓa shi, sai ta ce yana kan aiki. Ta Asma'u ba ta ce komai ba.

Jim kaɗan sai manhajar ta ɓace daga fuskar kwamfutar, babu saƙo babu sallama. Fitilun mamorin suka mutu. Na ɗauka sun cika ne, na zare su na zuba cikin tiren waɗanda aka gama, na sake kunna ta, ta ci gaba kamar ba abin da ya faru. Da yamma Malam Bakari, babban ɗalibin Modibbo, ya zo daga Ngong, wani gari kudu da Garwa, ya ɗebi rabon mutanen can, ya ce zai raba a ƙofar masallaci bayan Juma'a.

Ɓacewar nan ta tsaya mini a rai. Da safen Juma'a muna karyawa na gaya wa Asma'u, ina cewa wataƙila ba komai ba ne, halina ne kawai. Ta ajiye burodin da ke hannunta.

"Kawu, ka taɓa fayil ɗin tana cikin aiki?"

Na ce tari kawai na cire. Ta ce manhajar tata tun farko take auna tsawon fayil, daga nan ba ta sake tambayar kowa, ta yarda cewa kowane abu yana inda ta bar shi. Da na yanke wani yanki, duk abin da ke bayansa ya matso gaba ya cike gurbin, ita kuwa ba ta sani ba, ta ci gaba da ɗiba daga inda hannunta yake. Saboda haka mamorin da ke ciki a lokacin sun tsallake wani yanki na karatu daidai tsawon abin da na yanke. Da ta isa inda ƙarshen fayil yake a da, ta miƙa hannu babu komai a wurin, sai babbar manhajar ta kashe ta nan take.

Na ce, "Wato na ɗauke mata tsani." Ta dube ni ba ta gane ba, na ba ta labarin Baba Bulus a gurguje. Ta ce haka ne, amma ita ce ta haye rumbu ba ta tsayar da kowa ba. Akwai wani bincike da akan yi bayan kowane kwafi, a gwada shi da na asali a tabbatar sun yi daidai, ita ta cire shi don ƙarin sauri, kuma ba ta kulle fayil ɗin yadda ba mai iya canza shi ba. Na ce laifina ne, ta ce nata ne, har Yaya ta leƙo ta ce idan mun gama rabon laifin mu tashi mu duba abin da ya lalace.

Asma'u tana da kwafin asali a wani faifai dabam da ta ɓoye cikin kwallar mahaifiyarta, wanda ba a taɓa ba. Da shi ta riƙa gwada mamorin da ke tire, ta tsamo waɗanda suka saɓa. Muka saurari ɗaya. Modibbo ya fara fassara ayar da ke maganar masu imani, muryarsa a natse, sai kawai ta yi tsalle ta faɗa ƙarshen wata ayar da ke maganar azaba, babu ko alamar yankewa. Wanda bai sani ba zai ɗauka haka malam ya faɗa. Kuma waɗanda muka tsamo ba su kai yawan bakunan na'urar ba, sauran suna jakar Malam Bakari.

Muka kira wayarsa, a kashe. Yaya ta ce al'adarsa ce, daga asubar Juma'a ba ya kunna waya sai an sauko. Wani maƙwabcinsu mai mota ya ji halin da ake ciki, ya bar abincinsa ya ɗauke mu. Muka haye gadar Binuwai muka kama titin Ngaundare. A shingen hanya aka duba takardu, garin gaggawar ciro shi katin allurar ya ƙarasa yagewa, jami'in ya haɗa gutsattsarin biyu ya karanta ya miƙo mini. Gaba kuma garken shanu ya tare titi, makiyayin yana ɗaga mana sanda yana gaisuwa cikin nishaɗi, ni kuwa ina salati.

Mun shiga Ngong liman ya riga ya hau mumbari. Asma'u ta tsaya a mota da kwamfutarta, na yi alwala na kutsa. Na hango Malam Bakari 'yan sahu kaɗan a gabana, jakar tana jingine da gwiwarsa, ga shi ana huɗuba babu halin magana, ko nuni ban yarda in yi ba. Ban taɓa jin huɗuba mai tsawon wannan ba, kuma da Fulatanci aka yi ta. Har yau ina roƙon Allah ya karɓi sallar nan, don rabin hankalina yana kan jaka. Ana sallamewa na ratsa na dafe ta da hannu biyu. Wani na kusa ya cafke wuyan rigata ya zaci ɓarawo ne, sai da Malam Bakari ya ce masa ƙanin matar Modibbo ne.

Ya saurare ni bai katse ni ba. Ya ce bai raba ko ɗaya ba, sai dai guda da ya kai wa wani tsoho makaho, abokin Modibbo tun na ƙuruciya, jiya da magariba. Asma'u ta gwada na cikin jakar a zaurensa, ta tsamo gurɓatattun, saura ɗaya bai fito ba. Muka nufi gidan tsohon. Mun same shi a kan buzu da 'yar rediyonsa a cinya. Kafin in gama kame-kamen bayani ya zare mamorin ya miƙo ta inda muryata take.

"Na ji wurin," ya ce. "Na ce ko kunnena ne ko na'urarku. Shi dai Modibbo ba ya tsallake aya."

Mamorin nan shi ne gurɓatacce na ƙarshe. Na zauna kusa da shi na yi hamdala. Tsohon ya sa aka kawo mana kindirmo, ya ce in sha.

Da muka koma Garwa na gaya wa Yaya komai, ban rage ba. Ta tambaye ni me na yanke tun farko. Na ce tari ne kawai da ƙarar kofi. Ta ce a kunna mata na asalin. Aka ji Modibbo yana tari, aka ji ƙofa, aka ji an ajiye kofi. Sannan muryarsa ƙasa-ƙasa, wadda ban tsaya na saurara da kyau ba ranar da na yanke ta: "Hajara, har da zuma? Allah ya biya ki." Yaya ta sa aka tsayar da karatun.

"Ranar ce ta ƙarshe da ya zauna a zaure," ta ce. "Ku bar masa tarinsa."

Muka sake aikin daga farko, duka, har da waɗanda ba su gurɓata ba amma babu tarin a ciki. Asma'u ta koma hanyar awo kaɗan-kaɗan, ta kulle fayilolin, ta mayar da binciken nan da ke gwada kowane mamori da na asali kafin ya ce an gama. Ta ce hanyar saurin ba haramun ba ce, amma sai inda ka tabbata ba mai taɓa abin da kake ɗiba, kuma a gidan da akwai kawu mai almakashi ba a tabbata ba. Binciken kuwa ta raɗa masa suna Baba Bulus, duk mamorin da ya wuce sai sunan ya fito da 'yar alama kore. Aikin ya ja mu har ana jibi azumi, na ƙara kwanaki a kan waɗanda na yi niyya, na kuma saba da burodin hammata. Amma kowane mamori ya fita gidan nan cikakke.

A dawowa na tarar da jandarman nan a Bukula, na ba shi na mahaifiyarsa, na ce idan ta ji tari a ciki kada ta ɗauka lalacewa ce. Kafin nan na sauka a bayan dutse da busasshen kifi da burodi biyu. Na gaya wa Baba Bulus cewa yanzu sunansa yana cikin wata kwamfuta a Garwa. Ya tambaye ni wane aiki yake yi a can. Na ce riƙon tsani. Ya yi dariya har Mama Rifkatu ta fito ta ga lafiya.

"To ka gaya masa," ya ce, "ko hannu aka miƙo masa kada ya saki."

Wannan shi ne labarin Kamaru. Allah ya saka wa duk wanda ya tsaya mini a hanyar nan, waɗanda na ambata da waɗanda ban san sunansu ba, ya jiƙan Modibbo. Wanda kuma ya zo shagona ya ga mamorinsa na cika ni kuwa na harɗe hannuwa ina kallon fitila, kada ya ce lalaci ne ya kama ni.